Shin a daina fita da ƙananan yara gidan abinci sai sun yi wayo?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Ya'yana biyu, babbar shekararta biyar, ƙaramin kuma biyu da rabi. Kwanan baya mun fita cin abinci da su, sai abincin ya daɗe bai iso ba. Ƙaramin ya fara kuka, ya zame ƙasa yana birgima, yayar kuma ta riƙa zagaya tebura har ta kusa yin karo da mai kawo abinci. Wani bawan Allah a teburin da ke kusa da mu sai tsaki yake yana harararmu. Babansu ya ce ba za a sake fita da su ba sai sun yi hankali. Ni kuma ina ganin in ba a fita da su ba, yaushe za su koya? Wace irin natsuwa ya dace in sa ran samu daga yara masu waɗannan shekarun? Kuma laifi ne in miƙa musu waya don su yi shiru?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya shirya su. Na daɗe ina aiki da yara 'yan ƙasa da shekara shida da iyayensu, kuma abin da zan ce miki shi ne ku ci gaba da fita da su, amma ku sauya salon fitar. Ke da babansu kowa yana da gaskiyarsa. Kin yi gaskiya, zama cikin mutane sai an zauna cikinsu ake iya shi. Shi ma ya yi gaskiya, irin waccan fitar bai kamata a maimaita ta ba. Sai dai mafi yawan abin da ya lalace a wannan rana a hannunku ku manya gyaransa yake, kuma tun kafin a fito daga gida ake yin sa.

Bari mu fara da ƙaramin, don shi aka fi ɗora wa abin da bai iya ɗauka. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya danne son ransa ya jira, shi ne ke makara wajen ƙosawa; har mutum ya haura shekara ashirin bai gama ba. A shekara biyu da rabi yanzu aka fara aza harsashinsa. Yaro mai wannan shekarun in ya zauna a kan abinci minti goma zuwa ashirin, ya yi ƙoƙari. Ki lissafa kuwa yadda zaman gidan abinci yake: a sami wuri, a duba takardar abinci, a ba da oda, a jira, a ci, manya su ɗan taɓa hira, a jira lissafin kuɗi. Da wuya a gama cikin awa guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, cewa ta yi kada a riƙe yaro wuri ɗaya, a kujerar cin abinci ko keken turawa, sama da awa ɗaya a jere, kuma daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a wuni. Jikin da aka halitta da irin wannan bukatar motsi shi muke cewa ya zauna kamar babba.

Ga kuma jiran kansa, wanda ya fi komai wuya. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Walter Mischel ya yi gwaje-gwaje a Jami'ar Stanford da ke Amurka. Ana ajiye yaro a ɗaki a ce masa in ya jira zai sami abin daɗin da ya fi so, in kuma ya gaji ya buga ƙararrawa a ba shi wanda bai kai shi ba. Mutane sun fi tuna gwajin a matsayin ma'aunin haƙuri, amma abin da ya fi amfanar uwa irinki shi ne wannan: yaran da aka bar abin a gabansu suna kallo sun fi saurin karaya, waɗanda aka ɗauke shi daga idonsu sun fi daɗewa, waɗanda kuma aka ba abin wasa ko aka ce su tuna wani abu mai daɗi sun fi jurewa sosai. To ki dubi ɗanki a ranar nan. Ciki da yunwa, ƙamshi ya cika wuri, faranti na wucewa ta gabansa zuwa teburin wasu, hannunsa babu komai. An haɗa masa duk abin da ke karya haƙurin yaro a zama ɗaya. Kukan da ya yi ba rashin tarbiyya ba ne.

Saboda haka shiri ne kan gaba, ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko lokaci. Ƙananan yara suna bukatar sa wani abu a ciki kusan kowace awa biyu zuwa uku, kuma mai shekarun ɗanki yana bukatar barci mai yawa: awa 11 zuwa 14 a yini da dare ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyu, awa 10 zuwa 13 ga 'yan uku zuwa huɗu. Fitar da ta faɗa lokacin barcin rana ko ta haura lokacin kwanciyarsa ta dare ta riga ta ɓaci, komai kyawun wurin. Ku tafi bayan ya tashi daga barci, ku tafi da wuri kafin wurin ya cika, lokacin da girki ke saurin fitowa. Kada kuma ki kai shi da yunwa wai don ya ci da yawa a can. Iyaye da dama suna yin haka da kyakkyawar niyya, amma yaro mai tsananin yunwa rigima yake fara yi kafin ci. Ba shi ɗan abu kaɗan a gida, ki kuma sa wani a jaka.

Sai wurin. A yanzu ku nemi inda ake saurin kawo abinci, inda akwai ɗan hayaniya da ma, inda in akwai kujerar yara ya fi. Ku roƙi tebur a gefe ko kusa da ƙofa, nesa da hanyar da ma'aikata ke bi da tire. Wuraren da mutane ke zuwa don shiru da natsuwa, ko don tattauna harkar aiki, ku bar su sai ranar da kuka fita ku biyu. Ba tauye wa yara haƙƙi ba ne a ce wani wurin bai dace da su ba tukuna. In za ki iya sanin abin da za ku ci tun kafin ku zauna, ki ba da oda nan take. Wasu na cewa a fara kawo na yara. Ni na fi son a kawo wani ɗan abu mai sauƙi su riƙa taɓawa, sannan nasu ya zo tare da naku, domin in suka riga ku gamawa ku ne za ku ci naku a tsaye. Ki nemi lissafin kuɗi tun abinci na kan tebur, yadda da an ga alamar gajiya sai tashi.

A jaka ki sa abin da zai riƙe hannu ba tare da ƙara ba: takarda da fensir mai launi, ƙaramin littafi mai hotuna, 'yar mota ko 'yartsana. Kada ki zube su gaba ɗaya, ki riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, kuma ya zama ba a ganinsu sai ranar fita. Amma abin da ya fi su duka ku ne. Ki tambayi babbar cokali nawa ne a tebur, me take gani mai launin ja, me take tsammanin ana yi a ɗakin girki yanzu. Ƙaramin kuma, kafin abinci ya iso, babansa ya ɗauke shi su ɗan taka zuwa waje su dawo. Wannan 'yar tafiyar ta minti biyar tana sayo muku zama na wani minti goma ko fiye.

Yanzu ga abin da ya dace a nema daga gare su. Ni dokoki uku nake ba iyaye shawara su tsaya a kai, don yaro ba ya riƙe goma: a zauna a kujera ko kusa da mama da baba, a yi magana a hankali, abinci ya tsaya a faranti ko a baki. Ki faɗa musu a gida, ki sake faɗa a bakin ƙofar wurin, da kalmomin da ke nuna abin da za a yi. "Ku natsu" ba ta gaya wa yaro komai. "Zauna a kujerarki, ƙafafu ƙasa" tana gaya mata. Mai shekara biyar za ta iya fiye da haka: ta gaida mai kawo abinci, ta faɗi abin da take so da bakinta, ta ce na gode, ta jira a gama magana kafin ta sa baki, ta zauna rabin awa ko fiye in ana sa ta cikin hira. Ki ba ta ɗan aiki, ta raba tishu ko ta zaɓa tsakanin abu biyu. Mai biyu da rabi kuwa, zai zubar da abinci, zai ci da hannu, zai ɗaga murya lokaci-lokaci, zai so sauka. Waɗannan ba laifi ba ne a shekarunsa. Kuma duk wannan a gida ake koyonsa. Yaron da kullum ake bin sa da cokali yana yawo, ko yake ci a gaban talabijin, ba zai iya zama ranar fita ba don kawai an sa masa kaya masu kyau. Ku riƙa zama tare a kan abinci ko da sau ɗaya a rana, ko da minti goma ne. Har wasa za ki iya yi da su, babbar ta zama mai kawo abinci, ku kuma baƙi.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kansa, shi ne gudu tsakanin tebura, kuma a labarinki shi ya fi tayar mini da hankali fiye da kukan. Mai ɗauke da tire ba ya ganin abin da ke ƙasa da ƙugunsa. Miya mai zafi ko shayi in ya zubo, a fuska da ƙirjin yaro yake sauka, fatar yaro kuwa ta fi ta babba laushi nesa ba kusa ba, tana ƙonewa da sauri kuma ƙunar ta yi zurfi. Abin sha mai zafi yana iya ƙona yaro ko bayan minti 15 da haɗa shi. Don haka ki gaya wa babbar dalilin, ta isa fahimta: "Akwai masu ɗauke da abu mai zafi, ba sa ganinki." A tebur ma ki tura kofuna masu zafi, wuƙaƙe da gilashi tsakiya, kada kuma a miƙa faranti ta saman kan yaro. In ta sauka ta ruga, ki tashi da kanki ki kamo hannunta. Kira daga kujera ba ya dawo da yaro, yana dai ƙara damun jama'a.

In birgima ta zo fa? Za ta zo wata rana ko da kin yi duk shirin nan. Wasu masu bincike a Amurka, Michael Potegal da Richard Davidson, sun wallafa a 2003 cewa kashi 91 cikin 100 na yara masu shekara biyu da rabi zuwa uku suna irin wannan bori, kuma kusan uku cikin huɗu na borin ba ya wuce minti biyar. Ɗanki yana tsakiyar shekarun ke nan. Abin yi shi ne a ɗauke shi a fita da shi waje, cikin natsuwa, ba tare da dogon bayani ba. Yaron da ya riga ya hau ba ya jin wa'azi. Ki riƙe shi ko ki tsaya kusa da shi, ki ce masa kin san ya gaji, in ya huce za a koma. In ya huce ku koma. In bai huce ba, a ƙunshe muku abincin ku tafi gida, kuma kada ki ɗauki wannan a matsayin faɗuwa. Abin da ba na so shi ne a ba shi abin da yake yi wa kukan don kunyar mutane, domin nan da nan zai gane cewa a bainar jama'a dokar mama tana laushi.

Ina kuma roƙonki, ke da babansu, kada kunyar idon mutane ta kai ku ga tsawa, mintsini a ƙarƙashin tebur ko ranƙwashi. Na sha ganin wannan: uwa tana murmushi ga jama'a, hannunta na murɗe cinyar yaro, shi kuma ya ƙara tsandara ihu. Kukan ƙaruwa yake, kuma abin da yaron ke koya shi ne fita cin abinci wurin tsoro ne. Haka ma barazanar da ba za a cika ba. In kin ce "in ka sake jefar da cokali za mu fita waje", to ya sake, ku fita. Sau biyu ko uku ya isa ya gane magana ɗaya kike yi. In kuma sun yi abin kirki, ki faɗa a lokacin, ki kama sunan abin: "Na ga yadda kika jira har aka kawo naki, kin kyauta."

Batun waya. Ba zan ce miki kin yi zunubi ba in kin miƙa ta a ranar da komai ya cakuɗe kuma ba halin tashi. Amma kada ta zama abin da ake fara fitowa da shi da an zauna. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya da na ambata sun ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a wuni, in ya gaza haka ya fi. Ban da wannan, ke da kanki kika ce kina so su koya. Yaron da idonsa ke kan waya tun daga zama har tashi bai koyi jira ba, bai koyi hira ba, bai ma san abin da ya ci ba. In dole ta kama, a bar ta sai ƙarshe, na 'yan mintuna, a kashe sautin, don waƙar yara da ke tashi daga waya tana damun maƙwabtan tebur kamar yadda kuka ke damunsu. Akwai kuma wayar manya, wadda ba a cika tambaya a kanta ba. A 2014 wata likitar yara, Jenny Radesky, da abokan aikinta sun zauna a gidajen abinci a yankin Boston suna lura da manya 55 da ke cin abinci da ƙananan yara. Arba'in daga cikinsu sun fito da waya a lokacin cin. Sun ga yadda wasu yaran ke ƙara ƙiriniya don a kula su, waɗanda suka fi nutsewa cikin wayar kuma su ne suka fi mayar wa yaran martani da zafi. Sau da yawa abin da muke kira fitinar yaro a tebur neman idon uwa ko uba ne.

Game da cin kansa, ranar fita ba ranar yaƙin "sai ka cinye" ba ce. Wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu, kuma na ga amfanin rabon: iyaye ke zaɓar abin da za a ci, da lokaci, da wuri, yaro ke yanke ko zai ci da kuma yawan da zai ci. Ƙin sabon abinci ya fi tsanani tsakanin shekara biyu zuwa shida, kuma yaro kan bukaci a gabatar masa da abu sau goma ko fiye kafin ya karɓa. Ki zaɓa masa abin da ya sani, ki ɗan sa masa loma daga naki a gefe, in ya taɓa to, in bai taɓa ba a bar shi. Ki kula da gishiri, don abincin waje yakan yi yawansa, yaro mai shekara ɗaya zuwa uku kuwa bai kamata ya wuce giram 2 a rana ba. Abin sha mai zaƙi in ya riga abinci zuwa, shi zai cika cikin. Ruwa ya fi. Ki yanka duk wani abu mai siffar ƙwallo, irin su inabi, a tsaye gida huɗu, ki cire ƙashi da ƙaya, kada kuma a ba ɗan ƙasa da shekara biyar gyaɗa ko danginta a dunƙule. Ya ci a zaune, domin ci ana tafiya ko ana dariya da gudu shi ke kawo maƙalewar abinci a maƙogwaro. In akwai abincin da jikin ɗayansu ba ya karɓa, ki faɗa wa ma'aikatan ƙarara tun kafin oda, kada ki dogara da abin da ke rubuce kawai.

Sai bawan Allah mai tsaki. Tsaki da harara ba hali ne mai kyau ba, kuma na san yadda suke sa uwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Yara mutane ne, suna da haƙƙin shiga inda mutane ke shiga, wanda kuma ya fito cikin jama'a dole ya yi haƙuri da ɗan kukan jariri ko dariyar yaro. Akwai ma yaran da lalura ce ke sa hayaniya da haske su dame su fiye da kima, mai kallo daga nesa ba zai sani ba. Amma shi ma kuɗinsa ya biya, wataƙila ya daɗe yana jiran wannan fitar. Abin da na lura shi ne mutane ba su cika jin haushin yaro ba, iyayen da suka yi kamar ba su gani ba suke jin haushi. Da an ga kin miƙe kin ɗauki ɗanki, ko kin juya kin ce "a yi haƙuri", yawanci fuska takan saki. In bai sake ba, ki bar shi, kin sauke naki. Ma'aikatan wurin su ma a duba musu: ki tattara abin da ya zube gwargwadon iko, kunzugu a canja shi a banɗaki, ki yi musu godiya yaran na gani.

Ki zauna da babansu ku shirya fita ta gwaji, gajera, wadda ba ta wuce rabin awa ba, ku huɗu kawai, ba tare da baƙin da za ku ji nauyinsu ba. Ku yanke tun a gida wa zai fita da ƙaramin in ya fara, wa zai zauna da babbar, kuma ku riƙa karɓa-karɓa don kada kullum ke ce mai cin abinci da sanyi. Ku tashi tun suna cikin walwala, kafin gajiya ta zo, sannan a fita ta gaba ku ɗan ƙara lokaci. In kin ga borin ƙaramin yana yawan wuce minti 15, ko yana zuwa sau da yawa kullum har a gida, ko yana ji wa kansa ciwo, ko maganarsa ba ta ƙaruwa kamar ta tsaransa, to wannan ya wuce batun gidan abinci, ki kai shi likitan yara ya duba shi.